Ƙofar garejinmu ta yi ƙara kamar harbin bindiga, yanzu ta ƙi ɗagawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙofar garejin gidanmu irin mai gaɓa-gaɓa ce da ke ɗagawa sama ta kwanta a ƙarƙashin silin, da rimot ake buɗe ta, shekararta biyar. Daren Talata muka ji ƙara kamar an harba bindiga, muka duba ba mu ga komai ba. Da safe aka danna rimot, injin ya yi gurnani, ƙofar ta ɗaga kamar tafin hannu ta tsaya. Mai waldar unguwarmu ya ce injin ne ya gaji, a sayo babba. Ɗana kuma ya ce ya ga yadda ake gyarawa a YouTube. Maigidan ba ya gari, motata tana ciki, ga jikoki suna wasa a wajen kullum. Sannan direban da muka sallama watan jiya bai dawo da rimot ɗinsa ba. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin komai ki sa a zare filogin injin nan daga soket yau ɗin nan, a karɓe rimot daga hannun kowa a gidan, sannan ki ba ɗanki haƙuri ya mayar da sifanarsa inda ya ɗauko ta.

Yadda kika ba da labarin nan, sifirin ne ya tsinke, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke saman ƙofar mai ɗaukar nauyinta. Injinki lafiyarsa ƙalau, aƙalla har zuwa daren Talatar, kuma duk dannawar da ake yi wa rimot tun daga safiyar Laraba kwanansa ake ragewa.

Mutane da yawa, har da wasu masu walda, sun ɗauka injin ne ke ɗaga ƙofar. Ƙofar ƙarfe irin taki, idan ta mota ɗaya ce takan kai kilo 60 zuwa 80, mai faɗin mota biyu kuwa ta haura kilo 100, wata ma ta wuce 150. Buhun siminti kilo 50 ne, kin ga ke nan nauyin da ya haura buhu ɗaya, har zuwa uku, ne ke hawa yana sauka a saman kan jikokinki kullum. Wancan ɗan injin da ke maƙale a silin ba a yi shi don wannan nauyi ba. Jakin da ke ɗauke da kayan shi ne sifirin, injin yaro ne kawai mai riƙe da igiya yana nuna masa hanya. Ki shiga garejin ta ƙofar cikin gida da tocila ki ɗaga kai. A saman ƙofar akwai doguwar sandar ƙarfe kwance daga wannan gefe zuwa wancan, da sifirin mai kauri naɗe a jikinta, ɗaya ko biyu. A kowane ƙarshen sandar akwai wani abu kamar ƙwarƙwaron zare, igiyar ƙarfe ta sauko daga jikinsa ta kama ƙasan ƙofar. Duk lokacin da ƙofar ke sauka, igiyoyin nan na warwarewa suna juya sandar, sandar tana murɗe sifirin. Wato lokacin da ƙofa take rufe, kowa na barci, a lokacin ne sifirin yake a ɗaure iya ɗauruwa. Shi ya sa ya fi tsinkewa babu wanda ya taɓa shi, kuma shi ya sa kuka duba ba ku ga komai ba, don ba wanda ya kalli sama. Za ki ga wani wuri a jikinsa ya rabu, da giɓi kamar faɗin yatsa biyu ko uku, wataƙila ki ga igiyoyin gefe sun yi sako-sako. In kin ga haka, an gama bincike. Ki kalla da ido kawai.

Kuma ba wani mugun abu ba ne ya same shi. Sifirin da aka saba sakawa a irin waɗannan ƙofofi an auna shi ne a kan buɗewa da rufewa kamar sau 10,000. Gidan da ake buɗe gareji sau huɗu a rana zai ci kusan shekara bakwai. Gidan da ake kai yara makaranta, a ɗauko su, a kai Islamiyya, a je kasuwa, a fita Magariba, a ce sau shida a rana, shekara huɗu da rabi ya ƙare. Naki ya yi biyar, ya sauke nauyin da ke kansa. Tsatsar damina da rashin shafa masa mai su ne ke ƙara gaggauta masa.

To maganar mai walda. Ba na raina masu walda, don daga waldar na fara kafin in koma ƙofofi masu inji, amma a nan bai yi daidai ba. Idan aka saka babban inji a ƙofar da ba ta da sifirin, ɗayan biyu ne. Ko haƙoran giyar da ke cikin injin su cinye, don a yawancinsu na roba ne, ko kuma injin ya yi ƙarfin da zai ja gaɓar sama ta ƙofar har ta lanƙwashe a daidai inda hannunsa ya kama ta. Na sha tarar da gaɓar sama a tanƙware kamar bakin faranti, maigida ya sayi sabon inji, ga shi yanzu zai sayi gaɓa, kuma har yanzu sifirin na jiransa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Idan kuwa ya dawo ya ce to bari ya yi wa sifirin walda, nan ma ki ce a'a. Ƙarfen sifirin dafaffe ne, an gasa shi an sanyaya shi a kan wani ma'auni don ya riƙa murɗuwa yana komawa. Zafin walda yana kashe wannan dahuwa a gefen ɗinkin, sai ya sake tsinkewa dab da wurin, wani lokaci ma a hannun mai ɗaure shi.

Ɗanki kuwa, Allah ya yi masa albarka da ya so rage miki kashe kuɗi. Akwai abubuwa da dama a ƙofar nan da zan ce ki bar shi ya yi, amma ban da wannan. Bari in gaya miki abin da na gani da idona ina yaron shago. An kira mu wani gida a Kano canza sifirin, ni da wani abokin aikinmu da ya girme ni a sana'ar. A ƙarshen sifirin akwai wani dunƙulen ƙarfe mai ramuka huɗu, ana zura sanda a rami ɗaya a murɗa kwata, a zura ta biyu a rami na gaba kafin a zare ta farko. Ƙofa mai tsayin ƙafa 7 takan ci murɗa kwata-kwata kamar sau 30, kuma kowace murɗa ta fi wadda ta gabace ta nauyi. Sandunan nan na musamman ne, tsayinsu kamar inci 18, an yi su daidai bakin ramin, ba sa girgiza. Ranar mun manta su a shago. Ya ce komawa ɓata lokaci ne, ya ɗauki doguwar sukudireba da guntun rodi ya hau tsani, ni ina riƙe da tsanin ina ƙirga masa. Mun wuce ashirin, ina jin numfashinsa ya canza, sai sukudirebar ta zame daga ramin. Ban ga tashinta ba. Fau kawai na ji, sai ga shi a ƙasa kusa da ƙafata, rodin ya daki bayan hannunsa, ita kuma sukudirebar ta huda silin ta tsaya a ciki, mariƙinta yana lilo. Yatsu biyu suka karye. Har yau yatsansa na tsakiya ba ya lanƙwasuwa, in yana cin tuwo a miƙe yake kamar yana nuna wani. Da a ce kansa yana daidai layin sandar, da wani labarin ake yi. Wannan mutum ne da ya yi aikin sau ba adadi. A bidiyo ba a jin nauyin sandar a hannu, kuma wanda ya ɗauki bidiyon ba zai nuna ranar da ta kuɓuce masa ba.

Wurare uku ne haramun ga wanda ba aikinsa ba ne: shi kansa sifirin da notocin da ke riƙe da shi a jikin sandar, igiyoyin ƙarfen, da ƙarafunan da ke kusurwoyin ƙasa na ƙofar inda igiyoyin suka kama. Wannan na ƙarshe shi ya fi yaudarar mutane, don yana ƙasa, kusa da hannu, kamar ba komai. In sifirin biyu ne a ƙofarki kuma ɗaya ne ya tsinke, ɗayan yana nan da cikakken ƙarfinsa, yana jan igiyar. Wanda ya kwance notin kusurwar nan, ƙarfen zai taso masa a fuska.

Idan biyu ne, a canza su duka. Rana ɗaya aka saka su, aiki ɗaya suka yi, na biyun ma yana kan hanya, kuma kuɗin aikin mai gyara sau biyu ya fi kuɗin sifirin ɗaya. Wajen sayowa kuma ba a cewa a ba ni sifirin gareji kawai. Abu huɗu ake aunawa: kaurin wayar, faɗin cikinsa, tsawonsa, da ɓangaren da aka naɗe shi, na dama ne ko na hagu. Kaurin wayar ba a gane shi da ido, zagaye ashirin ake aunawa da tef a raba. Mai gyaran da ya san aikinsa ma yakan dora ƙasan ƙofar a kan sikeli ya san ainihin nauyinta, musamman idan an taɓa ƙara mata wani abu, kamar falankin ƙarfe ko sakata mai nauyi, bayan an kafa ta. Sifirin da ya yi wa ƙofa kaɗan zai bar ta da nauyi ya kashe inji. Wanda ya yi mata yawa kuwa zai riƙa fizgar ta sama, ta ƙi zama a ƙasa.

Batun motarki da ke ciki, ni dai da za ki haƙura da a-daidaita-sahu kwana biyu da ya fi. In ya zama dole, to ƙofar tana rufe a ja jar igiyar nan da ke rataye a jikin injin don a raba shi da ƙofar, ƙarti uku ko huɗu su ɗaga tare, hannu a ƙasan ƙofa, kada kowa ya sa yatsa tsakanin gaɓoɓin. In ta kai sama a datse layin da tayoyin ke bi da filaya mai kullewa, a ƙarƙashin tayar ƙarshe, gefe biyu, su kuma ci gaba da riƙewa har motar ta fita, sannan su sauke ta a hankali. Babu yaro ko ɗaya a tsakar gidan. Abin da za ki haddace shi ne, ba a jan jar igiyar nan ƙofa tana sama alhali sifirin a tsinke. Injin ne kaɗai ke riƙe da ita a lokacin, ana ja za ta faɗo gaba ɗayanta.

Tunda kin ambaci jikoki, gyaran sifirin ba zai sa in ce an gama ba. A Amurka, inda irin wannan ƙofa ta zama ruwan dare, yara sun mutu a ƙarƙashinta kafin a ɗauki mataki. Majalisarsu ta yi doka a 1990, kuma daga 1 ga Janairun 1993 duk injin ƙofar garejin gida da aka ƙera don kasuwarsu dole ya zo da kariya ta biyu bayan komawa baya da yake yi in ya ci karo da wani abu. Kariyar da aka fi sani ita ce ƙananan idanu biyu da ke kallon juna a ƙasan ƙofa, ɗaya na aika wani haske da ido ba ya gani, ɗayan na karɓa. Duk abin da ya gitta ƙofa tana sauka, sai ta tsaya ta koma sama. Ƙa'ida ita ce kada tsayinsu daga ƙasa ya wuce inci 6, wato kamar santimita 15, don yaro mai rarrafe ko wanda ya faɗi kwance ya shiga cikin hasken.

Ki duba naki suna ina. Abin da ke ba ni haushi a gidaje da yawa shi ne in tarar an cire idanun daga ƙasa, an haɗa su fuska da fuska an naɗe da salatif, an rataye a saman injin. Dalili kuwa, da hunturu ya shigo ƙura ta rufe gilashinsu, ko gizo-gizo ya yi saƙa, ko maigadi ya ture ɗaya da tsintsiya, ƙofa ta fara ƙin rufewa, aka kira wani ya zo ya yi dabara, aka ce masa ya iya aiki. Gyaran gaskiya tsumma ne mai laushi da daidaita su har fitilar jikinsu ta daina ƙiftawa. Minti biyar. Dabara ta biyu irin ta marasa tsoron Allah ita ce a ƙure ma'aunin ƙarfin injin don ƙofa ta daina komawa baya. Ƙofar da aka yi wa haka ba ta bambance ƙasa da ƙirjin yaro.

Gwajin da za ki riƙa sa a yi duk wata ba ya cin ko kwabo, kuma wannan aikin ɗanki ne. A kwantar da katako mai kaurin kamar santimita 4 a ƙasa, a tsakiyar inda ƙofar ke sauka, a danna rufewa. Tana taɓa katakon ta koma sama cikin daƙiƙa biyu. In ta danne shi ta tsaya, a zare filogi a kira mai gyara. Sannan a sake danna rufewa a gitta sandar tsintsiya a gaban idanun, nan take ta juya. Maɓallin bango kuma kada ya yi ƙasa da mita ɗaya da rabi, kuma a wurin da mai dannawa yake ganin ƙofar. Rimot ba abin wasa ba ne, duk da na san yadda jika ke yi wa kaka. Wasan da suka fi so, a danna rufewa a ruga a wuce ta ƙasa kafin ta sauka, shi za ki hana da gaske.

Sauran kulawar mai sauƙi ce. Layin tayoyi ana share shi ne da busasshen tsumma, ba a zuba masa mai. Mu nan da an ji ƙofa na ƙara sai a ɗauko baƙin mai daga wajen bakanike a malala mata, ƙurar hunturu ta sauka a kai, su haɗu su zama kamar kwaɓin siminti, tayoyi su daina juyawa su koma ja. Man feshi na silikon ko farin giris kaɗan a hinjis, da boris ɗin tayoyi, da jikin sifirin daga nesa, sau biyu a shekara, kafin damina da kafin hunturu, ya isa. Igiyar ƙarfe in an ga ta fara fitar da gashi, a kira mai gyara tun ba ta tsinke ba.

Yanzu direba. Ba na zargin bawan Allah, wataƙila mantawa ya yi, amma rimot mabuɗin gida ne, kuma ba ki san hannun da zai faɗa ba. Ba sai kin bi shi ba. A jikin injin akwai maɓallin da ake koya masa rimot da shi. A yawancin injuna in aka danne shi aka riƙe har 'yar fitilar gefensa ta mutu, ya manta duk rimot ɗin da ya sani, a injuna samfurin LiftMaster kamar daƙiƙa 6 ne. Sai a sake koya masa waɗanda ke hannunku ɗaya bayan ɗaya. Na direban ya zama roba. A yi wannan ranar da aka gama gyara, a kuma maimaita duk lokacin da wani ya bar aiki a gidan ko rimot ya ɓace.

Ki sa a buɗe bayan rimot ɗaya a duba. In akwai layin ƙananan makunnai a ciki, guda 8 zuwa 12, to tsohon yayi ne mai lamba ɗaya tak da ba ta canzawa. Makunni 8 lambobi 256 ne kacal ake iya haɗawa da su, 12 kuma 4,096. A 2015 wani mai binciken tsaron na'urori a Amurka, Samy Kamkar, ya ɗauki wani abin wasan yara na aika saƙo, ya sauya masa aiki, ya nuna yana buɗe irin waɗannan ƙofofi cikin ƙasa da daƙiƙa 10. Ɓarawon unguwa ma ba ya buƙatar wannan ilimi, don ana sayar da rimot mai kwafe lambar wani a kasuwa da araha. Kin bar naki a mota a wajen wanki ko wajen bakanike, minti ɗaya ya isa. Irin na zamani lambarsa na canzawa a kowace dannawa, wadda aka kwafa jiya ba ta aiki yau. In naki tsohon yayi ne ba sai an canza inji ba, akwai 'yar na'urar karɓar saƙo da ake haɗa masa da sababbin rimot. Ko da wane iri ne dai, a jikin mabuɗinki ya kamata ya zauna, kada ya kwana a mota.

Jar igiyar nan ma tana da nata aibin. A ƙofar da ke da giɓi a sama, ana iya tura waya mai ƙugiya daga waje a kamo igiyar ko maƙallin da take ja, a raba inji da ƙofa, a ɗaga da hannu ba tare da an fasa komai ba. Wasu kan ɗaure maƙallin tamau da waya. Ni ba na yarda da wannan, don ranar gobara igiyar nan ce mafita. Gara a gajarta ta yadda babba zai kai amma ba ta lilo kusa da ƙofa, a sa ɗan falankin ƙarfe ya tare gaban maƙallin, a toshe giɓin sama da roba. In za a yi doguwar tafiya, Umara ko hutun yara, a zura sakata ta ciki a sa kwaɗo, amma a zare filogin injin tukuna, in ba haka ba wani zai danna rimot injin ya yi kokawa da sakata, ƙofa ce za ta sha kashi. Ƙofar da ke tsakanin gareji da cikin gida kuwa, a gidaje da yawa ita ce mafi rauni a duk gidan, ta falanki, ba a ma kulle ta. Wanda ya shiga gareji ya rufo ƙofa babu mai ganinsa daga titi, ga tsani ga guduma an ajiye masa. Ta zama ta ƙarfe, a kulle ta kamar ƙofar waje. Kuma in kin fita ko kin shigo, ki tsaya ki ga ƙofar ta sauka har ƙasa kafin ki ɗauke ido.

Akwai abin da ya shafe mu fiye da masu ƙera ƙofar, wato wuta. A jihar Kalifoniya ta Amurka, bayan gobarar dajin 2017 da aka samu mutanen da suka rasu saboda wuta ta ɗauke sun kasa buɗe garejinsu su fitar da mota, sai aka yi doka, daga Yulin 2019 duk sabon inji dole ya zo da batir. Su sai da bala'i ya faɗa suka san ɗaukewar wuta, mu kuwa abincinmu ce ta yau da kullum. In injinki yana da batir, ki san cewa zafinmu yana cinye shi cikin shekara biyu zuwa uku, a gwada shi ta hanyar zare filogi a danna rimot. In ba shi da shi, kowane babba a gidan, har da ke, ya koyi jan igiyar da ɗaga ƙofar da hannu bayan an gyara, da rana, hankali kwance. Ba a fafe gora ranar tafiya. A sa masa sitabilaiza, kuma a zare shi in hadari ya haɗo da tsawa. In daga Amurka aka shigo da shi, a tabbata taransifomar da ke rage masa wuta tana da lafiya, don nasu 120 ne namu 230, kuma na ga allon inji da yawa da suka ƙone a kan wannan kaɗai.

Kada kuma ɗaukewar wutar ta sa a kunna janareta a cikin garejin, ko da ƙofar a ɗage take rabi. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, tana bi ta ƙarƙashin ƙofar cikin gida ta tarar da mutane suna barci, kuma kin sha jin labarin iyalin da aka wayi gari babu su a kan haka. Janareta a fili, nesa da tagogi, kamar mita 6. Haka kuma kada a ɗumama mota da sanyin safiya gareji a rufe. Jarkokin fetur ma a nema musu wani wurin.

Tunda mai gyara zai zo, ki sa ya leƙa get ɗin waje in mai turawa gefe ne. Shi ne ya fi ji wa yaranmu ciwo a nan, don mai walda yakan manta da guntun ƙarfen da ke tare get a ƙarshen layi, ko ya ɗana shi da walda ɗigo biyu. Rannan maigadi ya tura da ƙarfi, get ya wuce layi, ya fice daga tayoyin da ke riƙe da samansa, ya kife. A duba matarin nan a ƙarshen biyu, da ƙarfen da ke riƙe da sama, wanda shi ne kuma ke hana ɓarawo ɗaga get ɗin daga layi da ƙarfen ɓanɓara.

Mai gyaran da za ki nema wanda ke kafa irin wannan ƙofa ne, ki tambayi inda aka saya ko maƙwabcin da ke da irinta. In ya iso ki ce ya nuna miki sandunan murɗa sifirin. In ya fito da sukudireba, ki ba shi kuɗin mota ki sallame shi da girma da arziki. Ki ba da rabin kuɗin aiki, ki riƙe rabi. In ya ce ya gama, kada ki bari ya nuna miki da rimot, don inji yana ɓoye aikin banza na 'yan watanni. Ƙofa tana rufe ya ja jar igiyar, ke da kanki ki sa hannu ɗaya ki ɗaga ta zuwa ƙugunki, ki saki. In ta sulale ƙasa ko ta fizge sama, ya koma kan tsaninsa. In ta tsaya cak a inda kika bar ta, ya mayar da injin, a kwantar da katakon nan a gwada a gabansa, a goge rimot ɗin direba, sannan ki cika masa kuɗinsa.